Yadda mutum huɗu suka mai da fim ɗin leƙen asiri wasan ban dariya

A shekarar 1935 Alfred Hitchcock ya fitar da fim mai suna The 39 Steps, wanda ya samo daga littafin John Buchan na 1915. Labarin Richard Hannay ne, mutumin da wata 'yar leƙen asiri ta nemi mafaka a gidansa a Landan, kafin gari ya waye aka caka mata wuƙa a baya. Laifi ya hau kansa. Sai ya arce zuwa Sukotlan, 'yan sanda na binsa, masu satar sirrin ƙasa ma na farautarsa.

To, jama'a, ta yaya labari mai sa faɗuwar gaba irin wannan ya koma abin ƙyaƙyata dariya?

Patrick Barlow ne ya mai da fim ɗin wasan kwaikwayo na dandamali, a kan dabarar da Simon Corble da Nobby Dimon suka fara kawowa, aka soma nuna shi a birnin Leeds na Ingila a 2005. Bai sauya labarin sosai ba. 'Yan wasan ya rage zuwa huɗu rak. Namiji ɗaya shi ne Hannay daga farko har ƙarshe. Mace ɗaya tana fitowa a matsayin mata uku. Sauran maza biyun kuwa su suka ɗauki ragowar jama'ar, fiye da ɗari: ɗan sanda, mai tallar jarida, manomi, mai masauki da matarsa. Wani lokaci hula kawai mutum zai sauya, ya juya baya, ya amsa wa kansa tambaya da wata murya.

Ku dubi wurin jirgin ƙasa, inda a fim Hannay ya tsere a kan gadar Forth. A dandamali babu jirgi. Akwatuna ne aka jera, 'yan wasa na zaune suna jijjiga jiki, kuma da suka hau rufin jirgin sai su riƙa kaɗa rigunansu da hannu don a ga iska. Jirgin saman da ke farautarsa kuwa, da inuwa ake nuna shi a bayan farin ƙyalle.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai taka rawar Hannay yana yin komai da gaske. Tsoronsa na gaske ne, soyayyarsa da Pamela, wadda aka ɗaure su da ankwa ɗaya, ita ma haka. Dariyar tana fitowa ne daga ganin mutum huɗu suna gumi don cika aikin da kyamara ke yi a saukaƙe. Wannan gwaninta ce babba, domin jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen sauya hula ya isa ya ɓata komai.

Wasan ya koma gidan wasa na Criterion a Landan a 2006, ya shekara tara a can. Ya ci lambar yabo ta Olivier ta gwarzon sabon wasan barkwanci a 2007, sannan a 2008 ya isa Broadway, cibiyar gidajen wasa ta birnin New York a Amurka, inda ya samu lambobin yabo na Tony biyu, na tsara haske da na tsara sauti.