Daga MST zuwa IST: Me Sauya Sunan Cuta Yake Gyarawa?

Laccar da aka gabatar a wani taron ma'aikatan lafiya da malaman makaranta a Garwa ta ƙasar Kamaru, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, iyayenmu mata da ke can baya, da abokan aiki, ina neman afuwarku tun yanzu, domin maganar yau ta ƙunshi kalmomin da ba a saba furtawa a gaban manya ba. Abubuwa huɗu na tsara: tarihin sunayen cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, dalilin sauya su, gardamar da ake yi a kan sauyin, sai kuma abin da ya kamata mu riƙa faɗa a asibitocinmu.

Na farko, tarihi. Tun da can, cutar da mutum yake jin kunyarta maƙwabci yake jingina wa. A shekarar 1495, lokacin da sojojin Sarkin Faransa suka shiga birnin Naples na Italiya, cutar da muke kira tunjere ta ɓarke, ta bazu a Turai. Italiyawa suka ce ciwon Faransawa ne, Faransawa suka ce a'a, ciwon Naples ne, Rashawa suka ɗora wa mutanen Folan, Turkawa kuma suka ce ai na Nasara ne. Ba a sami ko ƙasa ɗaya da ta ce nata ne ba. (dariya) Sai a 1530 wani likita ɗan Italiya, Fracastoro, ya rubuta waƙa a kanta, daga sunan makiyayin cikin waƙar aka sami kalmar sifilis. Daga baya likitocin Turai suka tara dukkan waɗannan cututtuka a ƙarƙashin suna guda da suka jingina wa Venus, gunkiyar soyayya ta Rumawa, sannan aka koma MST, taƙaitaccen sunansu da Faransanci, wanda da yawanmu muka gani a allunan makaranta, yanzu kuma IST.

Na biyu, dalilin sauyin, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mutane da yawa sun ɗauka ladabin Turawa ne kawai ya sa aka musanya harafi ɗaya. Ba haka ba ne. Harafin M na nufin ciwon da ya bayyana, mutum yana jinsa a jikinsa, shi kuwa I na nufin kamuwa, wato ƙwayar cuta ta shiga jiki ko da mai ita yana cin tuwonsa lafiya lau. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita na biyun, saboda yawancin masu ɗauke da waɗannan ƙwayoyi ba su da wata alama. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 an sami sabbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu masu warkewa a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, wato fiye da miliyan ɗaya kowace rana.

Ku ɗauki kilamidiya. Mace na iya zama da ita ba ta ji komai ba, alhali ƙwayar tana hawa sannu a hankali har ta toshe bututun mahaifa. Bayan shekaru a ce ba ta haihuwa, a ce juya ce, ko a ce kishiya ce ta yi mata asiri, ko aljani ya aure ta. Tunjere kuma da ɗan miki marar zafi yake farawa, ya warke da kansa cikin 'yan makonni, mai shi ya ce alhamdu lillahi, nan kuwa ƙwayar ta laɓe ne a jini. Idan mai ciki ce, sai ɓari ko haihuwar jariri ba rai, alhali gwajin jini a wurin awon ciki da allurar fenisilin sun isa su hana wannan. Haka ciwon hanta nau'in B, haka ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Matuƙar muna cewa ciwo, mutum zai ce shi ba ya ciwo, ya ƙi gwaji. Ina maimaitawa: zai ce shi ba ya ciwo, kuma ta fuskarsa bai yi ƙarya ba.

Yanzu mu dawo gida, mu duba tamu kalmar, wato sanyi. Abokan aikina na gaba suna murmushi, domin kullum suna jin ta. Mace ta zauna gaban likita, ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafi, ta ce sanyi ke damunta. To, wane sanyin? Farin ruwa sanyi ne, ƙaiƙayi sanyi ne, zafin fitsari sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, har ciwon gwiwar kakata sanyi ne. (dariya) A cikin wannan buhu guda akwai abin da ba shi da alaƙa da saduwa ko kaɗan, kamar ƙaiƙayin da ke yawan samun masu ciki ko wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai kuma gonoriya, wadda ba a ɗaukarta sai daga wani. Kalmar tana da daɗin faɗa, tana rufa asiri, shi ya sa muke son ta, amma ita ce ke ba maigida damar cewa a banɗaki matarsa ta kwaso, ya aika ta asibiti ita kaɗai. A yi mata magani, ta koma gida, ta sake ɗauka daga wurinsa. Shi kuwa ya tsaya wurin mai tallar magani a bakin kasuwa, kafso na gasuwa a rana kan faranti, ya sayi guda biyu ya haɗiye. Ta irin wannan shan rabi da rabi ƙwayar gonoriya ta koyi bijire wa fenisilin da tetarasaikilin da sifurofuloksasin, har yau aka koma dogaro da allurar seftiriyakson. Saboda haka masu cewa sakaya magana baƙon abu ne da Turawa suka kawo, su sani mun riga su, kuma tamu sakayar ta fi tasu ɓarna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na… na nawa muke? To, bari mu ce na uku, gardamar sauyin, amma mu fara da misalin sida. Da aka fara ba da rahotonta a Amurka a 1981, wasu sun raɗa mata sunan da ya jingina ta ga 'yan luwaɗi, aka kuma riƙa nuna mutanen Haiti da yatsa, kafin a tsayar da sunan da muka sani a 1982. A 1983 masu ɗauke da ita suka taru a birnin Denba na Amurka suka ce a daina kiransu waɗanda cuta ta cinye, a ce mutane masu sida. Mu a nan mun ce ƙanjamau, samari suka ce kabari kusa, 'yan boko kuma suka warware haruffan SIDA da cewa ciwon da aka ƙirƙira don a karya gwiwar masoya. Tun Mayun 2007 maganin rage ƙarfin ƙwayar kyauta ne a Kamaru, yawan masu ɗauke da ita ya sauko daga kashi 5.5 cikin 100 a 2004 zuwa 2.7 a 2018, kuma mai shan maganinsa yadda ya kamata ba ya ƙanjamewa. Kabari kusa ya zama ƙarya, ƙarya kuma mai hana gwaji. Shi ya sa na fi son a ce cuta mai karya garkuwar jiki.

Masu suka na cewa sabuwar kalma ba ta daɗewa take ɗaukar dattin tsohuwa, sai a sake neman wata. Suna da gaskiya har wani wuri. Burazil ta cire kalmar kuturta daga takardun hukuma da doka a 1995, an sauya sunan ƙyandar biri zuwa mpox a 2022, amma ƙyama ba ta bin doka. Ni ma'aunina shi ne, sabon sunan ya fi tsohon faɗin gaskiya game da cutar ko kuwa? Na ga hannu a sama. Bisimilla, Baba.

Mai tambaya: Likita, sannu da ƙoƙari. Ni tsorona shi ne, idan aka tausasa sunan, yara za su raina zunubin. Ai munin sunan ne yake tsorata su.

Allah ya gafarta Malam, tambayar ta fi abin da na shirya a na huɗu muhimmanci, bari in bar shi. Hukuncin zina yana wurinku, ba wanda ya taɓa shi, kuma ba aikin likita ba ne. Amma ku dubi waɗanda ke layinmu: matar da ba ta san kowa ba sai mijinta, jaririn da ya ɗauka a ciki, wanda aka yi wa ƙaho ko aski da askar da ba a tsabtace ba ya kamu da ciwon hanta. Idan sunan cutar ya zama zagi, su ma an zage su, kuma su ne suka fi saurin ɓuya. Sannan ku kuka koya mana a zaure cewa Risala ta ambaci maniyyi da maziyyi da haila ɓaro-ɓaro a babin tsarki, kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Roƙona gare ku, Baba, idan an zo muku da maganar aure ko ta rashin haihuwa, ku ce su je gwaji su biyun, mijin da matar, kuma ku ambaci mijin da farko, domin daga bakinku zai ji, daga namu ba ya ji. Shugaban taro yana nuna mini agogo, la'asar ta yi. Mai sauran tambaya, musamman iyayenmu mata, akwai ungozoma biyu a ɗakin da ke hannun dama bayan salla.