Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Gida a Bayan Garin Kano

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun karkata ga sayen gida a unguwannin bayan gari, kuma da yake lokaci ya ƙure mana, wasu za su samu amsarsu a taƙaice.

Wani malamin makaranta daga Kurna yana tambaya ko dole ne mai saye ya biya la'adar dillali. Malam, al'ada ce da ake daidaitawa a kai, saboda haka ka tsayar da adadinta tun kafin mai gida ya ce ya sallama.

Tambayar da za mu daɗe a kanta ta fito daga wata baiwar Allah a Rijiyar Zaki, kuma irinta ce ta fi yawa a akwatinmu. Ta ce an nuna mata gidaje biyu a Ɗanbare, kowanne ɗaki uku da falo da kicin, an sa tayil an yi fenti, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan, shin dillalai ne ke son cutar ta? Mun miƙa tambayar ga baƙonmu, wanda ya daɗe yana aikin safiyo, sai ya fara da tsadar siminti da rodi, har ya gangara zuwa labarin yadda ake kwaɓa ƙasa a zamanin iyayenmu. Da muka dawo da shi kan hanya, ya ce abu na farko da za ta tambaya shi ne ko filin awon gwamnati ne ko awon igiya.

Hajiya, bari in maimaita, domin a nan mutane ke asarar gumin shekaru. Awon igiya gona ce da mai ita ya yanka fuloti-fuloti ya sayar, sau da yawa ba a ware wurin makaranta ko magudanar ruwa ba, lungun kuma da ƙyar mota ɗaya ke shiga, takardar ciniki kuwa ba ta wuce sa hannun shaidu da na mai unguwa ba. Awon gwamnati yana da taswira, yana da lambar fuloti. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Don haka ki kai lambar takardar ofishin KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a duba ko sunan mai sayarwa ne a kanta, sannan ki tabbatar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta amince da tsarin ginin. A ganina, wanda ya biya miliyoyi bai yi wannan binciken ba saboda kunyar dillali, shi ya cuci kansa.

Sauran bambancin yana cikin unguwar. Ki je da damina, a watan Agusta, ki ga inda ruwa ke kwanciya. Ki tambayi maƙwabta ko rijiyar burtsatse suke da ita ko 'yan garuwa ke kawo musu ruwa, ko gidaje nawa ne ke kan taransfoma ɗaya, da kuma nawa mai adaidaita sahu ke karɓa daga bakin kwalta zuwa ƙofar gida, domin wannan kuɗin kullum za ki riƙa biyan sa.

Wani ma'aikacin gwamnati daga Hotoro yana tambaya game da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Masu zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu suna iya neman rance ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, da ruwan kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekara 30 ko ƙasa da haka. Batun halaccin ruwan kuwa, mun bar shi ga filin malamai na ranar Juma'a.

Sai wani saurayi daga Sheka da ke neman gida mai bene a rukunin Kwankwasiyya da ke hanyar Zariya, alhali a cikin wasiƙar ya ce har yanzu bai gama haɗa lefe ba. Ɗan samari, a fara da ciki da falo tukuna. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.