Idan 'yan sintirin jiki suka kama ɗan gida

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. A ƙauyukanmu, daga Ringim zuwa Ɗambatta, kowa ya san aikin 'yan sintiri: a kwana ana zagaye don kada ɓarawon shanu ya shigo. Kowa kuma ya san ana samun kuskure, a cafke ɗan gari cikin duhu don rawaninsa irin na ɓarawon ne. To jikin ɗan Adam ma haka yake.

Garkuwar jiki, wato fararen ƙwayoyin jini da makaman da suke ƙerawa, tun muna jarirai ake koya musu bambanta na gida da baƙo. Akwai wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji da likitoci ke kira taimos, can ake tantance wasu daga cikinsu, wanda aka ga zai far wa jikin mai shi sai a kawar da shi. Amma wasu kan kuɓuce. Idan suka far wa gaɓɓai, sai a ga yatsu sun kumbura sun sandare da safe. Idan suka lalata inda ake samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, sai yaro ƙarami ya kamu da ciwon suga. Irin waɗannan cututtuka sun haura 80, kuma kusan huɗu cikin biyar na masu fama da su mata ne. A nan kuwa, mace ta yi ta ciwon gaɓɓai da zubewar gashi da ƙuraje a fuska, kafin wani ya ce lufus ne, ɗaya daga cikin cututtukan nan, goma sun ce kishiya ce ta yi mata sammu.

Me ya haɗa wannan da korona? Tun da cutar ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, ta iso Kano a watan Afrilu, likitocin duniya suka lura cewa da yawan waɗanda ta kashe ba ƙwayar ce kaɗai ta yi ɓarnar ba. Garkuwar ce ta harzuƙa, ta yi ta yekuwa har huhu ya cika da ruwa, kamar a ƙone rumbu don a kashe ɓera. Shi ya sa a watan Yunin 2020 binciken da aka yi a Ingila ya nuna maganin dexamethasone, mai kwantar da garkuwa, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani binciken na shekarar. Jiki yana da wani sinadari, intaferon, shi ne ɗan ƙararrawa da ke fara kururuwa in ƙwayar cuta ta shigo. Sai aka tarar kusan ɗaya cikin goma na masu korona mai tsanani, jikinsu da kansa yana ƙera makamin da ke toshe bakin ɗan ƙararrawar, kuma galibinsu maza ne. Ɓarawo na ciki, mai ihun kuma an ɗaure shi. Haka nan an ga yara da, makonni bayan korona ta wuce, zazzaɓi da kumburi suka kama su har zuciya.

Amma kada wani ya ji na ambaci dexa ya ruga kemis. Mun san yadda ake shan sa don a yi ƙiba. Wanda ba a rubuta masa ba, garkuwarsa yake kashewa, ga hawan jini, ga suga, ga ƙashi yana laushi.

Kuma tun kafin korona muna da namu na gida. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ce beli ne a kai shi wajen wanzami. Wata ƙwayar da ke haddasa ciwon tana kama da naman zuciya, sai garkuwa ta bi ta, ta haɗa da ƙofofin zuciyar. Shekaru su wuce, a ga budurwa tana haki, ƙafa ta kumbura, sai an kai ta Asibitin Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse. Alhali da an duba maƙogwaron a asibitin sha-ka-tafi tun farko, fenisilin ya isa.