Jawabin Maraba Da Shugaban Ƙungiyar Masu Lasisin Sayar Wa Jiragen Ruwa Kaya, A Madadin Manoman Rani Na Ƙasar Kura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malam Liman, Allah ya gafarta. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, 'yan'uwana manoma da 'yan gwari, barkanku da fitowa. Sai babban baƙonmu, shugaban ƙungiyar masu lasisin sayar wa jiragen ruwa kaya, da 'yan rakiyarsa da suka taso tun daga Legas: lale marhabin, sannunku da hanya. Yallaɓai, ga tafinta nan kusa da kai, zan riƙa sassautawa don ya samu ya juya maka.

Da aka fara zancen zuwanka, wani dattijo a cikinmu ya ce, me ya haɗa mu da jirgin ruwa, mu da ba mu san wani ruwa ba sai na kanal? Dariya aka yi, amma tambaya ce ta gaskiya, don haka bari in amsa masa a gaban jama'a. Jirgin da ke kawo kwantena tashar Apapa ko Tin Kan ko Onne, mutane ne a cikinsa, wajen ashirin ko fiye. Sukan yi makonni ba su ga ƙasa ba. Suna da kuku, suna da ɗakin sanyi, suna cin abinci sau uku kamar kowa. In jirgi ya tsaya, kyaftin ba ya sauka ya shiga kasuwa neman albasa. Saƙo yake aikawa tun yana kan teku, sai wanda kwastan ta ba lasisi ya haɗa kayan ya kai har cikin jirgi: shinkafa, nama, ƙwai, kayan miya, ruwan sha, har igiya da fenti da kayan gyaran inji. Waɗannan su ne baƙinmu na yau. To Baba, ka ga inda muka haɗu, a tukunyar kuku.

Yallaɓai, ƙasar da ka taka yau ba ta san hutun rani ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ke biyo kanal ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura. Da damina shinkafa, da sanyi alkama da tumatir da albasa, ga tattasai da attaruhu da kabeji. Da za ka tsaya kasuwar Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir, da ka ga kwanduna jere har inda ido ya ƙare, tireloli na jiran lodi. Da yawa daga abin da ka gani, garinku za shi. Albasar da yaranka ke saye a kasuwar Mil 12 su kai jirgi, ba mamaki daga gonar wani da ke zaune a nan ta fito, sai dai ta bi hannu huɗu ko biyar kafin ta iso gare ka, kowane hannu kuwa ya yagi rabonsa.

Ni na taɓa bin kayana. Wata shekara na hau mota da tumatir, muka wuce Mokwa, sai giyar motar ta lalace. Kwana biyu muna bakin titi muna jiran makaniki. Na zagaya bayan motar da asuba na ga jan ruwa yana ɗiga daga katako, ƙuda sun taru. Kwandon da ke ƙasa ya riga ya zama miya, na sama ne ya danne shi. Da muka isa, dillali ya ɗaga ganyen kwando ɗaya, ya shinshina, ya faɗi kuɗin da ko na mota bai kai ba. Na karɓa, don kayan gwari ba a yi masa fushi. Kafin in juyo gida wani ɗan garinmu mai aikin dako ya kai ni gefen Apapa, na ga jirgi ya fi duk wani gini da na sani tsawo, aka ce mini a lokacin ma ana loda masa abinci. Tun ranar abin yake raina.

Mun ji ku ma kuna da naku kukan, cewa jirage da yawa sukan cika ɗakin ajiyarsu a wata ƙasa kafin su shigo tamu, su bar ku da lasisi a hannu ba ciniki. In haka ne, ashe ciwo ɗaya ke damunmu.

Ga abin da muke roƙo, kuma ba kyauta ba ce. Mun san jirgi ba ya jira, kowane yini da ya ƙara a tasha kuɗi ne. Mun san kuku ba zai karɓi buhun da aka yi wa kwalliya a baki, manya a sama, ƙanana da ruɓaɓɓu a gindi ba. Wannan ɗabi'a tana nan a cikinmu, ba zan ɓoye ba don ga baƙo. Wanda ya tsargu ya gyara. Ku faɗa mana ƙa'ida dalla-dalla: girman albasar da ake so, kwana nawa za ta sha iska kafin a ɗure, wane irin feshi ne ba a yarda da shi ba. Tun da tsutsar sharon ta cinye mana tumatir a 2016, wasu suka saki hannu da magani, kuma ba wanda ya zo ya nuna mana iyaka. Ku turo wanda zai nuna. A daina awo da ido, a kawo sikeli. A bar kwando a koma kiret na roba, wanda ake ɗorawa ba ya matse na ƙasa. Sannan a rubuta yarjejeniya, Hakimi ya sa hannu a shaida, mu san kuɗin kilo tun kafin mu zuba iri.

Shawarata a fara da albasa da busasshen tattasai da shinkafa, su ne ke jure tafiyar kilomita dubu. Tumatir ɗanye ya dakata sai an samu mota mai sanyi. Batun hanya kuma, tun 1911 dogo ya iso Kano, ya kwashi gyaɗar kakanninmu zuwa bakin teku. A 2023 an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, nan kusa da mu. Ku da kuke zama da manyan hukumar tashoshin ruwa, ku tuna musu cewa muna jiran ranar da tarago zai riƙa ɗaukar kayanmu a kan lokaci.

Yallaɓai, mun gode da ka zo da ƙafarka ba ka yi aike ba. Allah ya mai da ku gida lafiya. Matasa sun tanadi babura, in an idar da azahar za mu kai ka gonar albasa ta bayan kanal ka tuge da hannunka. Kafin nan ga tuwon shinkafa da miyar taushe iyayenmu mata sun sauke, kada ya huce. Ranka ya daɗe Hakimi, a yi mana izini.

Wassalamu alaikum.