Amsoshin Tambayoyinku: Rumbun Bayanai a Shago da Ofis

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan rumbun bayanai na kwamfuta, irin wanda ake zuba bayanai a teburori, wato jadawalai masu layuka da gurabu, masu alaƙa da juna.

Ta farko daga wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a Marwa ta ƙasar Kamaru. Ya ce duk wanda ya ɗauki kaya bashi yana shigar da shi a tebur guda, da suna da lambar waya da yawan buhu, amma yanzu lissafi ya ƙi haɗuwa.

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Na san inda gizo ke saƙar. Mutum ɗaya yau ka rubuta shi Muhammadu, gobe yaron shago ya sa Mohamadou irin rubutun Faransanci, wani kuma da ya saba da Njamena ya rubuta Mahamat. Kwamfuta mutum uku take gani, bashin ya rabu gida uku. Ka raba teburin biyu. Ɗaya na abokan ciniki, kowa a rubuta shi sau ɗaya tak, a ba shi lambar da babu wanda zai sake samun irinta. Ɗayan na ciniki ne: rana, kaya, kuɗi, sai lambar mutumin kawai, ba sunansa ba. Wannan lambar ce igiyar da ke ɗaure teburorin, kuma a kanta Edgar Codd na kamfanin IBM ya gina tsarin nan a 1970. Sannan ka sa wanda ya haɗa maka rumbun ya kafa sharaɗi, kada a karɓi ciniki da lambar da ba ta da mai ita.

Wani abu kuma, tunda kana hulɗa da mutanen Mubi da Yola: lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu. In aka ajiye ta kamar adadi, sifirin farko na lambobin Najeriya zai ɓace. Kuɗin sefa kuwa a ajiye shi cikakken adadi, ba mai ɗigo ba.

Wata Malama da ke aiki a ofishin makaranta a Ngaundare ta ce sunayen yara masu ɗ da ɓ suna fitowa da alamar tambaya, alhali é ta Faransanci tana fita lafiya. Malama, an kafa rumbunku a kan tsarin haruffa na latin1, wanda ya wadatar da Faransanci amma bai san haruffan Hausa da Fulatanci ba. In manhajar rumbu ta MySQL kuke amfani da ita, a mayar da teburorin kan tsarin haruffa na utf8mb4, wanda ya san waɗannan haruffan, haka ma hanyar da manhajar ke magana da rumbun. Sai dai sunan da ya riga ya shiga da alamar tambaya ba zai dawo da kansa ba, sai an bi an gyara da hannu.

Ɗalibi daga Garwa yana kukan cewa neman bayani a rumbunsa na jan ƙafa. Ɗan'uwa, sa fihirisa, wato jerin da ke saukaka wa rumbu nema kamar na bayan littafi, a gurbin teburin da kake yawan nema da shi, ka duba da umarnin EXPLAIN ko rumbun na amfani da ita. Kada ka sa wa kowane gurbi, don tana rage saurin shigar da sabon bayani.

Ta ƙarshe daga Kuseri, kuma ita ta fi taɓa ni. Mai wasiƙar ya ce wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, an cire kuɗi daga asusun wani amma bai shiga na ɗayan ba. Malam, aikin da ke da ƙafa biyu a ɗaure shi wuri ɗaya, a buɗe da BEGIN a rufe da COMMIT. In wuta ta ɗauke kafin a rufe, rumbun zai koma yadda yake. Manhajojin rumbu na PostgreSQL da SQLite suna yin haka. A MySQL ka tabbata teburinka nau'in InnoDB ne, don nau'in MyISAM ba ya yi.

Ka riƙa ɗaukar kwafi kullum da umarnin pg_dump na PostgreSQL ko mysqldump na MySQL, ka ajiye shi a wata na'urar dabam, ba cikin kwamfutar da rumbun yake ba. Na taɓa zama a wani ofis ranar da kwamfutarsu ta mutu. Akawun ya ciro filas daga aljihun tebur hankalinsa kwance, aka buɗe, fayilolin duk suna nan da sunayensu, amma ciki babu komai, don babu wanda ya taɓa gwada dawo da su. Sati biyu suka yi suna kwafe rasiɗai da hannu. Saboda haka ko sau ɗaya a wata, ɗauki kwafin ka zuba shi a wata kwamfutar, ka ƙirga layukan, ka ga sun yi daidai da na asali.

Akwai wasiƙa daga Njamena a kan raba wa ma'aikata izinin shiga rumbu, da ita za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.