Me Kirista Yake Nufi Idan Ya Ce "Allah Nagari Ne"?

Barkanmu da sake saduwa, masu kallo.

Ku zo mu leƙa majami'a ranar Lahadi, daidai lokacin ba da shaida. Wani magidanci ya fito gaba, hannunsa ɗaure da bandeji. Motar da suka shiga daga kasuwa ta ƙwace wa direba, ta yi ta wuntsulawa, shi kuwa ya fito da ƙafarsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Allah nagari ne!" Jama'a suka amsa, "Kowane lokaci!" Mata suka rangaɗa guɗa. A benci na uku kuwa ga wata mata ta sunkuyar da kai. Mijinta ma yana cikin motar nan, ranar Alhamis aka yi jana'izarsa.

To, ita fa? Nagartar Allah a kan kujerar wancan ta tsaya, ba ta kai kujerar mijinta ba?

Kada a ga laifin mai shaidar. Godiya wajibi ce. A Luka sura 17 Yesu ya warkar da kutare 10, mutum ɗaya tak ya dawo ya gode, har Yesu ya tambayi inda sauran 9 ɗin suka shiga. Inda gizo yake saƙar shi ne mu mai da nagartar Allah kamar farashin masara, yau ta hau, gobe ta sauka, gwargwadon yadda yini ya zo mana.

A Littafi Mai Tsarki nagarta halin Allah ce, tun kafin ya ba kowa komai. A Markus 10:18 wani mai dukiya ya kira Yesu malam nagari, Yesu ya amsa masa cewa babu nagari sai Allah kaɗai. A Fitowa sura 33 Musa ya roƙa a nuna masa ɗaukakar Allah. Da ni ne, da na sa ran tsawa da walƙiya. Abin da Allah ya ce masa shi ne zai sa dukan alherinsa ya gifta a gabansa. Manomi ya fi kowa gane wannan. Idan hadari ya haɗu ba ya tambayar gonar wa ce wannan. Ya jiƙa ta dattijon ikilisiya, ya jiƙa ta mutumin da ya sace masa akuya bara. Da wannan misalin na rana da ruwan sama Yesu ya koyar da ƙaunar magabta a Matiyu 5:45.

Yanzu ku lura da inda masu furta wannan magana suke tsaye lokacin da suka furta ta. Nan ne na fi so mu daɗe.

Zabura 34:8 tana cikin ayoyin da ake yawan haddacewa, wadda take cewa a ɗanɗana a ga nagartar Ubangiji. Rubutun da ke saman zaburar ya danganta ta da lokacin da Dawuda ya yi haukan ƙarya a gaban sarki. Labarin yana cikin 1 Sama'ila sura 21. Sarki Saul na Isra'ila yana neman ransa, sai ya gudu Gat, garin Goliyat ɗin da shi da kansa ya kashe. Gudun gara ya faɗa gidan zago. Da fadawan sarkin Gat suka gane shi, sai ya shiga zane-zane a jikin ƙofofi, miyau yana dalala a gemunsa, har sarki ya ce mahaukatan da yake da su sun ishe shi. Daga nan ya fake a kogon Adullam, mutum wajen 400 suka taru wurinsa, masu wahala da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Wannan shi ne mutumin da yake gayyatar ka ɗanɗana. Ba sarauta a hannunsa, ba gida, ba mutunci.

Littafin Makoki ma haka. An rubuta shi bayan Babilawa sun rushe Urushalima sun ƙone Haikali, kuma a tsakiyarsa, sura 3, aka ce jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. Mawaƙi Asaf kuwa a Zabura 73 ya fara da cewa Allah nagari ne, nan take ya amsa cewa saura ƙiris ƙafarsa ta zame, don ya ga mugaye suna ta ƙiba ba abin da ya dame su. Idan ka taɓa jin irin wannan haushin, kana da abokin tafiya a cikin Zabura.

Akwai ayar da ake yawan ɗauka zuwa gidan makoki, Romawa 8:28, cewa Allah yana sa kome ya zama alheri ga masu ƙaunarsa. A nan zan ɗan ja kunnenmu. Ayar ba ta ce kowane abu alheri ba ne. Haɗari mugun abu ne, zalunci mugun abu ne. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi azurfa 20, bai tsaya a gaban Fir'auna ba sai da ya kai 30. Shekara 13 ke nan tsakanin bauta da kurkuku. Da ya zo yi musu magana a Farawa 50:20 bai wanke su ba. Ya ce sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi abin da alheri. Kuma shi da abin ya sama ne ya faɗa, bayan shekaru masu yawa. Kai da ka zo gaisuwa kwana 3 da rasuwa, ba lallai ne ka buɗe wannan ayar ba. Yesu ma da ya je kabarin Li'azaru, yana sane sarai zai tashe shi, sai da ya yi hawaye.

A wurin Kirista, babbar hujjar nagartar Allah tana kan gicciye. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Matar nan ta benci na uku da mai bandejin, su biyun a kan wannan suke tsaye, kuma haɗarin mota bai ƙara wa ɗaya ba, bai rage wa ɗaya ba.

Ta yaya matar nan za ta ɗanɗana nagartar Allah, tunda abin ɗanɗanawa ne? Galatiyawa 5:22 ta sa nagarta cikin 'ya'yan da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a cikin mutum, wato sau da yawa alherin Allah da ƙafar mutane yake zuwa. Duk wanda ya san ikilisiyoyin arewacin Najeriya ya san zumuntar mata. Ranar Talata da yamma za ka gan su sun shigo gidan a jere da zanensu iri ɗaya. Wannan ta riƙo mudun dawa, waccan sabulu, wata ta ɗauro itace a kai. Ba mai dogon wa'azi. Ɗaya ta ɗauki tsintsiya, ɗaya ta hura wuta, wata tsohuwa ta zauna kusa da ita a tabarma ta kama hannunta ta ce, "Sannu 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke." Can wata ta jawo tulu ta fara bugawa a hankali, suka ɗauki waƙa. Ita ba ta iya rerawa ba tukuna, amma da aka miƙo mata kunu ta karɓa ta sha.