Idan Bature ya ce mutum ya shige rami

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Akwai wata magana da ke yawan fitowa a labaran Turanci idan ana neman wani ruwa a jallo an rasa shi: sai ku ji an ce "he has gone to ground". Mai bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya zai ce mutumin ya tafi ƙasa, wani ma ya zaci an binne shi. Abin da suke nufi shi ne ya ɓuya, ya yi layar zana.

Asalin maganar farautar yanyawa ce a Ingila, inda mahaya dawaki ke sakin karnuka su bi sawunta. In ta ga uwar bari sai ta faɗa raminta, mai ƙaho ya busa, kowa ya san ta shige. Doka ta hana wannan farauta da karnuka a Ingila da Wales tun 2005, amma maganar ta zauna daram a bakin 'yan jarida.

To, a nan nake so mu lura sosai. Maganar tana tafe da maharbi a bayanta. Saddam Husaini ya yi wata takwas a ɓoye kafin sojojin Amurka su zaƙulo shi ranar 13 ga Disamba, 2003, daga cikin rami na gaske a kusa da garin Tikrit na Iraƙi. Radovan Karadzic kuwa, tsohon shugaban Sabiyawan Bosniya da ake nema kan laifukan yaƙi, bai haƙa rami ba: gemu ya tara, ya sauya suna, yana sana'ar mai magani a Belgrade, babban birnin Sabiya, har aka kama shi a 2008. Dukansu biyu maganar ta dace da su, domin farautarsu ake yi.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an liƙa ta ga wanda kawai ya kashe wayarsa ya tafi hutawa. An shafa masa kashin kaji ke nan, mai sauraro zai ɗauka yana da abin ɓoyewa.

Masu kallon ƙwallo kuma, kada ku ruɗe. In mai sharhin wasa ya faɗi haka a kan ɗan wasa, faɗuwa ya yi, ko ya zame a kan ciyawa don ƙwace ƙwallo.